Tsalle ɗaya, ko shekara goma?

A ranar 30 ga Agusta, 1991, a gasar duniya ta birnin Tokyo, Mike Powell ɗan Amurka ya yi dogon tsalle na mita 8.95. Ya karya tarihin mita 8.90 da Bob Beamon ya kafa a Meziko tun 1968, kuma har yau babu wanda ya kamo shi. Amma a tambayi mutane goma sunan zakaran dogon tsalle, in sun san wani, Carl Lewis za su ce.

Lewis ne ya sha kaye a daren. Kafin nan ya shekara goma ba a kayar da shi ba, gasa 65 a jere. A daren ma ya diro mita 8.91, sai dai iskar da ta tura shi ta wuce ƙa'ida, ba a lissafa masa a matsayin tarihi ba. Bai taɓa riƙe tarihin duniya na fili a wannan wasa ba, amma ya ci zinare a Olamfik sau huɗu a jere, daga 1984 zuwa 1996. Powell kuwa azurfa biyu ya samu. A Basalona, 1992, santimita uku kacal suka raba shi da zinare, kuma Lewis ɗin ne dai ya sha gabansa.

To wa ya fi cancantar yabo, mai bajintar dare ɗaya ko wanda kullum yana nan?

Mu da ke zaune a waje mun san tambayar nan, ko ba mu taɓa kallon tsalle ba. Akwai ɗan'uwan da zai yi shiru shekara biyar, rana ɗaya ya biya wa Hajiya kujerar Makka, unguwa ta ɗauka. Akwai kuma 'yar da duk ƙarshen wata take tura kuɗin magani da na cefane, ba fashi, har an daina cewa an gode. A nan fa mun saɓa da 'yan kallon wasa: su sun riƙe sunan mai naci, mu mai kujerar Makka muke ambata a taron biki.

Ni dai ina bayan mai naci. Aikin jinya ya nuna min cewa mai hawan jini ƙwayar kullum ce ke riƙe shi, ba allurar gaggawa ba. Sai dai kada a zalunci Powell. Tsallen nan nasa ba daga sama ya faɗo ba. Shekaru ya yi yana zuwa bayan Lewis, yana komawa fili washegari. Nacinsa ne ba a gani ba, don na biyu ba ya shiga labarai. Wataƙila shi ma mai kujerar Makkan shekara biyar ɗin nan ya yi yana aikin dare yana tarawa, bai faɗa wa kowa ba. Kafin a yanke masa hukunci a zauren WhatsApp na dangi, a fara tambayarsa.