Ko Ci Gaban Ɗan Adam Ya Karya Dokar Watsewa?

Kowa ya sani kunu mai zafi, in aka ajiye shi, hucewa yake yi. Ba a taɓa ganin wanda ya huce ya koma zafi don kansa ba. Masana sun tarar wannan doka ce ta dukan halitta. Wani Bajamushe, Rudolf Clausius, ya raɗa wa ma'aunin watsewan nan suna entirofi a 1865. Dokar ta ce, a wurin da ba abin da ke shiga, ba kuwa abin da ke fita, zafi yakan watse, tsari yakan rushe, ba ya sake haɗa kansa.

To, sai waɗansu su ce ashe ɗan adam ya karya dokar, gama ga birane, ga asibitoci, ga jiragen sama. Waɗansu kuwa su ce, tun da kome zai watse, ci gaba ruɗi ne kawai. A ganina dukansu sun manta da sharaɗin.

Duniyarmu ba rufaffen ɗaki ba ce. Kullum rana tana zubo mata haske, ita kuwa tana mai da zafi sararin sama. A tsakanin shiga da fitan nan hatsi ke nuna, yaro ke girma, magini ke samun ƙarfin ɗaga tubali. Ku dubi firiji, 'yan'uwa: cikinsa sanyi, amma ku taɓa bayansa ku ji. Zafin da yake fitarwa ya fi wanda ya cire daga ruwan. Hakanan kowane gyara a wuri ɗaya, da watsewa a wani wuri ake biyansa.

Watau ci gaba bai saɓa wa dokar ba, biya yake yi. Nan ne maganar ta shafi lamiri, gama sai mu tambaya wa ke biya. Kwal da man fetur hasken rana ne wanda tsire-tsire da ƙananan halittun teku suka tara shekaru miliyoyi. Tun da injunan tururi suka bazu a Ingila cikin ƙarni na 18 ake ƙona ajiyan nan, da ɓarna kuwa: injin mota ba ya mai da ko rabin ƙarfin fetur tafiya, sauran zafi ne da ke bin iska. Hayaƙin ma bai ɓace ba. Iskar kabon a sama ta tashi daga kashi 280 cikin miliyan zuwa fiye da 420 a 2024, tana ɗumama duniya. Manomin da bai taɓa mallakar mota ba yana cikin masu biya da gonarsa, alhali Afirka duka ba ta fitar da ko kashi 5 cikin 100 na hayaƙin nan.