Saye Muka Yi Ko Aro Aka Ba Mu?

A ƙasar Bichi da Ɗambatta da Minjibir, inda gona ke jingine da gona har ba a barin saura, ba a wasa da maganar mallaka. Akwai gonar gado, akwai ta saye, akwai aro, akwai jingina. Wanda ya saya yana iya haƙa rijiya ko ya dasa mangwaro. Wanda aka ara wa kuwa iyakarsa gero da wake, domin bishiya tana iya zama hujja gobe. Da wannan tsohon ma'auni muke so mu auna wata sabuwar rigima.

A 2004 kamfanin Sony na Japan ya fito da PSP, na'urar wasa ta riƙewa a hannu. Manhajar da ke tafiyar da ita, samfurin 1.50 na 2005, tana da wata kafa da mutum zai sa wasan da ya ƙirƙira da kansa. Da kamfanin ya farga sai ya dinga sabunta manhajar yana toshe kafar, kuma wanda ya hau sabuwa ba a ba shi hanyar komawa tsohuwa. A 2007 wasu masu basira suka gano dabarar da aka sa wa suna batirin Pandora. Wasu ma farke batirin suke yi, su yanke ƙafa ɗaya ta ɗan guntun da ke riƙe lambarsa. Nan take sai na'urar ta ɗauka tana hannun injiniyan kamfani, ta yarda a mayar da ita baya.

To, jama'a, laifi suka yi? Mai na'ura zai ce da guminsa ya biya. Wanda ya sayi garma ba ya neman izinin maƙeri kafin ya sake mata ƙota. Haka masu gyaran waya na kasuwar Farm Centre a Kano suke raya wayoyin da da tuni an zubar. A Amurka ma manoma sun daɗe suna kokawa a kan taraktocin John Deere, har jihar Kolorado ta kafa dokar 'yancin gyaran injinan noma a 2023.

Kamfani kuma zai ce ƙarfe da roba ya sayar, manhaja aro ya bayar. Kada mu yi saurin yi masa dariya. Da yawa daga masu buɗe PSP wasannin sata suka zuba mata, waɗanda wasu suka yi shekaru suna haɗawa. Mu marubuta mun san wannan zafi, domin mun ga littafi a kasuwa wanda mai shi bai ga ko kwabo ba.

A namu ganin, an cakuɗa haƙƙi biyu ne. Gyara abin da ka saya haƙƙinka ne. Cin amfanin aikin wani ba da yardarsa ba zalunci ne, ko da na'urar taka ce, kamar yadda mallakar lauje ba ta halatta maka dawar maƙwabci. Shi ma kamfani akwai nauyi a kansa. In aro ne, ya faɗa ƙarara tun kafin a karɓi kuɗi, kamar yadda ake kafa shaidu gaban dagaci ranar jinginar gona. Bahaushe ya ce kayan aro ba ya rufe katara, kuma wanda ya san na aro ne zai taya da farashin aro.

Allah Ya sa mu kiyaye haƙƙin juna.