Abin da Aka Sassaƙa Don Ya Ruɓe

A Sanyinna, idan muka je wurin masassaƙi, abin da zai daɗe muke nema. Turmin ƙirya muke so, wanda uwa za ta yi daka a ciki har ta bar wa jikarta. Shi ya sa labarin mutanen tsibirin Niyu Ailan, a ƙasar Papuwa Niyu Gini, yake ba mu mamaki.

Can akwai sassaƙar da suke kira malagan. Idan za a yi taron tunawa da mamaci, gwani zai shafe watanni yana fitar da siffofin mutum da kifi da tsuntsu daga itace mai laushi. Ya shafe su da ja da baƙi da fari, ya sa musu idanu na marfin dodon koɗin teku. Da an nuna su an watse, sai a ƙone su ko a bar su a daji su ruɓe. Fasalin ne gadon, yana kawunan masu shi, suna miƙa wa na baya.

Mu ba ma sassaƙa siffar mai rai, addininmu bai ba mu wannan ba. Amma tambayar da ke ciki ta shafe mu. Lokacin da Jamusawa suka mulki tsibirin, daga 1884 zuwa 1914, an kwashi malagan da yawa zuwa Turai. Har yau suna gidajen tarihi irin na Balin, a bayan gilashi, ana kare su daga gara. Shin mutunta su aka yi, ko saɓa wa masu su?

Mai adanawa yana da hujja: ba don shi ba, da ba mu san hannun gwanayen nan ba. Sai dai mu ma mun san wani itace mai irin wannan hali. Almajiri yana rubuta karatunsa a allon aduwa, idan ya hardace ya wanke. Wanda ya hana shi wankewa don rubutun ya yi kyau, ya tsayar masa da karatu ke nan, komai kyawun niyyarsa. Littattafan Shehu Usmanu da na Malam Abdullahi na Gwandu kuwa, an rubuta su ne don a kwafa a ajiye, kuma barin su ga gara cin amana ne.

Ashe ajiya ba ta zama amana sai an san nufin mai abu. Wannan ya wuce batun itace. Sau nawa muke riƙe maganar da ɗan'uwa ya faɗa cikin fushi, ya tuba, ya roƙi a wanke, mu kuwa muna goge mata ƙura kowace shekara? Kafin mu yi alfahari da abin da muka adana, ya kamata mu tambayi mai shi: turmi ya ba mu, ko allo?