Wa Ya Ci Tsabar?

A ƙarshen watan Janairu, lokacin da hunturu ke busa mana ƙura, a Ingila sanyi ne ke daskarar da ruwa. Ƙwari sun ɓuya, itatuwa sun kakkaɓe ganye, ƙananan tsuntsayen da ba su yi ƙaura ba suna kwana da yunwa. Mutanen can sukan rataya mazubin tsaba da gyaɗa a bayan gida, su koma bakin taga suna kallo. Tun shekarar 1979 ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB ta mayar da wannan kallo ƙidaya: kowa ya zauna awa ɗaya, ya rubuta irin tsuntsun da ya sauka da adadi mafi yawa da ya gani a lokaci guda. Dubban ɗaruruwan mutane ne ke yi duk shekara.

Muna iya yi musu dariya. Mu ma ai muna watsa gero a tsakar gida, muna ajiye kaskon ruwa saboda kurciya da gwara, mu ce sadaka ce, ba mu taɓa riƙe biro ba. Mene ne amfanin sanin sunan wanda ya ci, tunda dai ya ci?

Amsar tana cikin labarin wani ɗan tsuntsu da suke kira girinfinc. Girmansa kamar na gwara, bakinsa kakkaura. Namijin kore ne mai ratsin ruwan ɗorawa a gefen fiffike da wutsiya, macen kuwa launinta ya dusashe, har wanda bai lura ba zai ce gwara ce. A shekarar 2005 aka fara tsintar irinsa a lambunan gidaje, gashi a bushe, ba kuzari, tsaba a baki amma ta ƙi haɗiyuwa. Wata ƙwayar cuta ce da aka daɗe da sani a maƙogwaron tattabaru da kurciyoyi. Tana bin yawu. Mara lafiya ya ɗauki tsaba ya kasa haɗiyewa ya tofar, mai lafiya ya zo ya tsince. Inda aka fi haɗuwa kuwa shi ne mazubin da masu tausayi suka rataya. Yawan tsuntsun ya ragu da fiye da rabi, kuma a 2021 aka sa shi a jerin waɗanda aka fi jin tsoron makomarsu a ƙasar.

Babu wanda ya yi nufin sharri. Kowa da zuciya ɗaya ya zuba tsabarsa. Mun saba cewa alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, kuma gaskiya ne game da ladan mai bayarwa. To amma karin maganar ba ta gaya mana abin da ya sami mai karɓa ba. Niyya tana wanke zuciya, ba ta wanke kasko.

Su wa suka gano ɓarnar? Ba wanda ya watsa ya juya baya ba. A wurinsa tsuntsaye na nan, tsaba na ƙarewa kullum, alamar komai lafiya. Waɗanda suka iya bambance koren nan da maƙwabtansa, suka kuma riƙe lissafin bara da na bana, su ne suka ga gurbi a cikin taro. Ashe sanin suna ba iyayi ba ne. Abin da ba mu raɗa wa suna ba, yana iya ɓacewa a gaban idonmu mu ce ba a rasa kowa ba.

Wani zai ce sadakar ɓoye ta fi, kuma bin diddigi na kawo gori. Haka ne. Sai dai ɓoye hannunmu daban, rufe idonmu daban. An hore mu kada mu bari a gan mu, ba a hore mu kada mu gani ba. Mu tambayi kanmu: yaron da muke miƙa wa ragowar tuwo a ƙofar gida duk dare, in ya yi sati bai zo ba, wani ya maye gurbinsa da irin robarsa, za mu lura?

Shawarar da masana suka ba mutanen Ingila ba ta da daɗin ji. A wanke mazubi duk mako, a sauya ruwa kullum, a riƙa canza masa wuri, in kuma aka ga tsuntsu mara lafiya a sauke komai na wasu makonni don taron ya watse. Wannan na ƙarshen ya fi ciwo: ka tsaya a taga cikin sanyi, suna sauka ba su sami komai ba, kai kuwa buhun tsaba na bayanka. A nan ake gane wanda yake ciyarwa don su, da wanda yake yi don ya ji daɗin ransa.

Gobe da safe, in mun watsa gero, mu ɗan dakata kafin mu juya. Mu ƙirga. Mu kuma ɗauraye kaskon.