Tukunyar Goma: Sadako Ogata da matsalar ciyar da mai kisa

Wanda ya ɗora tukunya domin mayunwata, alhali ya san masu jini a hannu za su ci daga cikinta har su sami ƙarfin sake ɗaukar adda, shin sauke ta ya kamace shi, ko kuwa ya ci gaba da iza wuta? Wannan ita ce tambayar da ta faɗo wa Sadako Ogata a shekara ta 1994.

Ogata malamar jami'a ce ƴar ƙasar Japan, haifaffiyar 1927. Tana da shekara 63 ta karɓi ragamar HCR, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƴan gudun hijira, a farkon 1991, ta riƙe ta har ƙarshen 2000. Tun watanninta na farko ta nuna cewa rai ya fi harafin doka nauyi a wurinta. Kurdawan Iraƙi da Turkiyya ta rufe wa ƙofa sun maƙale a kan duwatsu cikin sanyi, kuma tun da ba su ƙetare iyaka ba, a dokance ba su shiga hurumin hukumarta ba. Duk da haka ta ce a agaza musu. A watan Fabrairu na 1993 kuwa ta dakatar da yawancin aikin agaji a Bosniya, saboda masu yaƙi sun mai da ayarin abinci abin ciniki, sai Boutros-Ghali, babban magatakarda, ya umarce ta da ta koma cikin ƴan kwanaki. Ke nan janye hannu ba baƙon abu ba ne a gare ta.

Bayan kisan kiyashin da ya ci rayuka kimanin 800,000 a Ruwanda, mafi yawansu Tutsi, ƴan Hutu kusan miliyan ɗaya suka kwararo garin Goma na Zayar cikin kwanaki kaɗan a watan Yuli na 1994. Kwalara da atuni suka kashe dubun-dubatarsu. A cikin wannan taro akwai sojojin tsohuwar gwamnati da ƴan ta'addan Interahamwe, da makamansu da shugabanninsu. Su suka mamaye sansanonin, su ke kumbura adadin mutane domin a ƙara kason abinci, su sayar da rarar, su tsorata duk wanda ya yi niyyar komawa gida, su ƙetara iyaka da dare su kai hari.

Reshen Faransa na ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda mutanen Maradi suka sani tun ƙarancin abincin 2005, ya tattara kayansa ya fita a ƙarshen 1994. Hujjarsa mai ƙarfi ce: annoba ta lafa, kuma agajin ya zama abincin rundunar da ke shirin ƙarasa kisan da ta fara. Likitan da ya ga maganinsa yana raya cuta, hakkinsa ne ya tsaya. Ogata ta zauna. A ganinta mafi yawan mazauna sansanin mata ne da yara da tsofaffi, kuma jaririn da aka goya zuwa Goma bai sari kowa ba. Hana shi abinci domin laifin ubansa hukunci ne da babu kotun da ta yanke.

Idan aka auna hujjojin biyu, akwai abin da ke boye a ƙarƙashin ta farko: mai fita yana iya fita da hannu mai tsabta ne domin ya san akwai wanda zai tsaya bakin tukunyar. Ƙungiya mai zaman kanta tana da ƴancin cewa a'a, kuma a'arta ta yi amfani, don ta tona asirin abin da ke gudana. Hukumar da ƙasashen duniya suka ɗora wa amanar ƴan gudun hijira ba ta da wanda za ta bar wa su. A nan Ogata ta fi kusa da gaskiya. Sai dai zaman nata yana da farashi, kuma ita ma ba ta ɓoye shi ba, domin ta sha nanata cewa matsalar da siyasa ta haifa, buhun masara ba ya warware ta. Muddin abinci yana isa, manyan ƙasashe suna da abin nunawa a talabijin, suna kuma da uzurin ƙin yin aiki mai wuya, wato raba masu kisa da talakawa. Boutros-Ghali ya roƙi ƙasashe da dama su ba da soja domin wannan aiki, kusan duka suka yi kunnen uwar shegu. Da hanya ta ƙure, HCR ta ɗauki nauyin sojojin Mobutu kimanin 1,500 a 1995 su tsare sansanonin, abin da ya yi kama da ba kura ajiyar nama, ko da yake an ɗan sami sauƙin tashin hankali.

Ƙarshen sansanonin bai zo ta hannun masu agaji ba. A watan Nuwamba na 1996 sojojin sabuwar gwamnatin Ruwanda da ƴan tawayen Laurent-Désiré Kabila suka afka musu. Mutane wajen rabin miliyan suka koma Ruwanda da ƙafa cikin ƴan kwanaki, sauran suka nausa dazuzzukan yamma, inda aka kashe dubun-dubata, da masu laifi da marasa laifi, a wurare irin su Tingi-Tingi. Ogata ta ba da labarin waɗannan shekaru a littafinta The Turbulent Decade na 2005, ta jagoranci hukumar JICA daga 2003 zuwa 2012, ta rasu a Tokyo a watan Oktoba na 2019 tana da shekara 92.