Wa Ke Da Alhakin Maganar Da Na'ura Ta Yi?

Daga cikin al'amuran da zamani ya zo da su akwai zaurukan hira na intanet, inda mutane suke haɗuwa su yi taɗi a rubuce, kowa yana garinsu. Wanda ya shiga irin wannan zaure yakan tarar da sunayen mahalarta a jere, alhali kuwa ba dukkansu ne 'yan Adam ba. Waɗansu daga ciki manhajoji ne da aka shirya domin su yi aiki da kansu, Turawa suna kiransu bot. To, idan irin wannan abu ya yi ƙarya, ko ya ci mutuncin wani, wa za a kama?

Kafin a amsa, ya kyautu a san yadda abin yake aiki. A 1988 wani ɗalibi a Jami'ar Oulu ta ƙasar Finland, mai suna Jarkko Oikarinen, ya ƙago tsarin hira da ake kira IRC. Ba a daɗe ba aka gane cewa zaure ba ya zama lafiya in babu mai tsaro, domin shugabanninsa sukan yi barci, ɓata-gari kuwa su zo su ƙwace shi. Saboda haka aka rubuta manhajoji irin su Eggdrop, wadda Robey Pointer ya fitar a 1993. Irin wannan manhaja takan haɗu da babbar kwamfutar da ke riƙe da zauren, ta ɗauki suna kamar kowa, sa'an nan ta zauna dare da rana tana karanta abin da ake rubutawa. In ta ga kalmar da aka umurce ta da lura da ita, sai ta aikata abin da aka tsara mata: ta yi wa baƙo maraba, ta kori mai zagi, ta amsa tambaya, ko ta ajiye tarihin hirar. Yau akwai ire-irenta a Telegram da Discord da WhatsApp. Sababbin ciki an horar da su ne da rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa, har suka iya cinkar kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan wata, shi ya sa zancensu yake kama da na mutum.

Malaman fiƙihu sun tabbatar da cewa hukunci yana hawa ne a kan mukallafi, watau baligi mai hankali. Na'ura ba mukallafa ba ce, ba ta da niyya, don haka ba ta da lada, ba ta da zunubi. Amma rashin zunubin abu bai sa ɓarnarsa ta tafi a banza ba. A mazhabar Malikiyya, in dabbobi suka shiga gona da dare suka yi ɓarna, mai su ne zai biya, domin tsare su a wannan lokaci wajibinsa ne. Ba a kai saniya gaban alƙali, mai saniya ake kira.

Wata kotun sasanta ƙananan ƙararraki a lardin British Columbia na ƙasar Kanada ta bi irin wannan hanya a watan Fabrairu na 2024. Bot ɗin kamfanin jiragen sama na Air Canada ya gaya wa wani fasinja da aka yi wa rasuwa cewa yana iya neman rangwamen kuɗin jirgi bayan ya yi tafiya, alhali dokar kamfanin ba ta ce haka ba. Kamfanin ya nemi ya kuɓuta da hujjar cewa bot ɗin shi ke da alhakin maganarsa. Kotu ta ƙi, ta sa kamfanin ya biya.

Mai gardama yana iya cewa masu ƙera sababbin manhajojin su kansu ba su san abin da za su faɗa gobe ba, yaya za a kama mutum da maganar da bai rubuta ba? Wannan hujja tana da nauyi, amma in an duba, ƙara musu nauyi take yi. Wanda ya san dokinsa yana da harbi shi ya fi cancanta ya riƙe linzami a kasuwa. A watan Maris na 2016 kamfanin Microsoft ya saki wani bot mai suna Tay a Twitter, mutane suka koya masa zagi da ƙabilanci, kafin a yi kwana ɗaya aka janye shi, kamfanin ya ba da haƙuri. A nan laifi ya rabu biyu: na wanda ya saki abu bai ɗaure shi ba, da na waɗanda suka cusa masa ƙazanta da gangan.

Har ila yau akwai batun ɓoye kama. A 1966 Joseph Weizenbaum na jami'ar MIT a Amurka ya bayyana wata manhaja mai suna ELIZA, wadda galibin aikinta juya maganar mutum ne ta mayar masa da ita a matsayin tambaya. Duk da haka mutane suka riƙa buɗe mata cikinsu, har abin ya tayar masa da hankali. In zuciya tana saurin yarda haka, wanda ya sa wa na'ura sunan mutum domin ya sayar da haja, ko ya nuna kamar jama'a da yawa suna goyon bayansa, mayaudari ne, ko da abin da na'urar ta faɗa gaskiya ne. Shi ya sa Telegram ya wajabta sunan rajistar kowane bot ya ƙare da kalmar bot, jihar Kalifoniya kuma ta fara aiki da doka a 2019 wadda ta hana ɓoye bot domin yaudara a harkar ciniki ko zaɓe.

Shi kuma mai shiga zaure yana da nasa kaso. Wanda ya ɗauki maganar bot a kan magani, ko hukuncin addini, ko mutuncin wani, ya tura wa jama'a ba tare da bincike ba, maganar ta zama tasa tun daga lokacin da ya danna. Mai ƙerawa da mai sakawa a zaure da mai yaɗawa, kowannensu za a tambaye shi gwargwadon hannun da ya sa. Allah ya ba jama'a ikon riƙon amana, amin.