Gemun Maƙwabci

Hausawa sukan ce, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Amma wanda ya jiƙa nasa kaɗai, ya sauke nauyin da yake kansa ke nan?

A shekarar 1983 fari ya auka wa ƙasar Gana. Wutar daji ta cinye gonakin koko da na abinci, yunwa ta shiga har zangon Nima da Maamobi a Akra. Ma'aikatan kashe gobara ba su iya kai ko'ina ba. A 1990 aka yi doka, garuruwa da ƙauyuka su kafa ƙungiyoyin 'yan sa kai masu kashe wuta. Yawancinsu manoma ne, makamansu adda da ɗanyen ganye.

Doka takan sa a rubuta sunan mutum, amma ba ta iya tashe shi da tsakar dare. Ƙauna ce take yin haka. A lungunan Nima, inda motar kwana-kwana ba ta iya shiga, bokitin maƙwabci ne yake fara isowa, ba ya kuwa tambaya ko gidan Kirista ne ko na Musulmi. Wanda ya kai wa gemun ɗan'uwansa ruwa ya ceci nasa ma.